Jami'ar da Na Ajiye Don Ko-ta-kwana Ita Ce ta Fara Ƙi Na

Assalamu alaikum, Anti. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 18, ina ajin ƙarshe na sakandare a unguwar Bronx da ke birnin New York, kuma shekara uku ke nan da mahaifinmu ya ɗauko mu daga Kano. Na nemi gurbin karatun aikin jinya a jami'o'i bakwai. Biyu na gwada sa'a ne kawai, huɗu na ga sun yi daidai da makina, ɗaya kuma na saka ta ne don ko-ta-kwana, saboda jami'ar gwamnati ce a wata jiha maƙwabciya da ke karɓar kusan mutum takwas cikin kowane goma, makina kuma ya ɗara na akasarin waɗanda take ɗauka. Malamar da ke ba mu shawara ta ce in cike takardar CUNY ma, wato jami'ar gwamnati ta birnin New York, na ƙi, don na ga kamar ci-baya ne. To, a ƙarshen watan Fabrairu wannan ta ko-ta-kwanar ce ta fara ba da amsa, kuma ba ta ɗauke ni ba. Sauran shidan ba su ce komai ba tukuna. Yau kwana goma ban gaya wa kowa a gida ba. Babana direban tasi ne, kuma ya riga ya shaida wa abokansa na masallaci da 'yan'uwa a Kano cewa 'yarsa za ta shiga jami'a bana. Ba na samun barci. Idan wadda na raina ta ƙi ni, wane fata ya rage mini a sauran? In rubuta musu ƙorafi ne? Kuma in gaya wa Baba yanzu, ko in jira sai wata ta karɓe ni?

Ɗaliba mai neman mafita, daga Bronx

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwana goman nan da kika yi kina dakon wannan magana ke kaɗai, kina zama a ci abinci da ke kamar babu abin da ya faru. Za mu zo kan batun mahaifinki, amma bari in fara da abin da ba ki tambaya ba.

A duk tsawon wasiƙar babu inda kika ce kina son wannan jami'a. Ba ki yabi malamanta ba, ba ki ambaci asibitin da ɗalibanta ke koyon aiki ba, abin da kawai kika sani game da ita shi ne yawan mutanen da take karɓa. Da ɗaya daga cikin biyun da kika gwada sa'a ce ta ƙi ki, da kin yi baƙin cikin yini ɗaya kin wuce, domin kin riga kin shirya wa hakan. Wannan kuwa ta yi miki ciwo ta fuska biyu: ta janye tabarmar da kike tsaye a kai kina jiran sauran, sannan ta taɓa miki zuciya, tunda wadda kika raina ce ta ce ba ta so. Lamarin ya yi kama da na budurwar da ta ajiye wani saurayi a gefe, don ko da wanda take so bai fito ba, sai kwatsam ta ji an ɗaura masa aure da wata. Hawayen da za ta zubar na gaske ne, sai dai ba na soyayya ba ne. Ina so ki rarrabe waɗannan abubuwa biyu, domin tabarmar da aka janye ana iya shimfiɗa wata cikin mako guda, kuma a kanta ya kamata ƙarfinki ya tafi.

Sunan ko-ta-kwana ke kika raɗa mata, ita ba ta taɓa yi miki alkawarin komai ba. Kin dogara ne da lissafin takwas cikin goma, wanda ya haɗa kowa da kowa: mai neman karatun tarihi, mai neman kasuwanci, ɗan jihar da baƙo, da wanda ma bai zaɓi fanni ba tukuna. Ƙofar da kika ƙwanƙwasa daban ce da tasu. A jami'o'in Amurka da yawa sashen koyar da aikin jinya yana da nasa adadin kujeru da nasa ma'auni, saboda ba a koyon jinya a cikin aji kawai, dole a samar wa kowace ɗaliba gurbin koyon aiki a asibiti da malamar da za ta tsaya a kanta, kuma waɗannan biyun sun yi ƙaranci a ƙasar. Ƙungiyar kwalejojin koyar da aikin jinya ta Amurka ta ba da rahoton cewa a shekarar 2023 an mayar da takardun neman gurbi sama da 65,000 na mutanen da suka cika dukkan sharuɗɗa, don babu inda za a saka su. Saboda haka jami'ar da ke buɗe ƙofa ga kusan kowa tana iya zama mai tsananin tankaɗe da rairaya idan aka zo sashen jinya, kamar yadda abin yake a fannin kwamfuta da injiniyanci.

Ga kuma batun jiha. Jami'ar gwamnati da harajin mutanen jiharta ake tallafa mata, don haka su ne a gaba. Wasu jihohin ma ƙa'ida suka kafa a rubuce: jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill an ƙayyade mata kada sababbin ɗalibanta 'yan wata jiha su wuce 18 cikin ɗari. Ke 'yar New York ce da ta nemi jinya a jihar wasu, wato kin shiga layi mafi tsawo a ƙofa mafi ƙunci, kina riƙe da lissafin babbar ƙofa. Lissafin ma kansa yana tsufa da wuri. Tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta sa jami'o'i da dama suka daina tilasta gabatar da makin jarrabawar neman shiga jami'a ta SAT, ɗalibai suka ƙara yawan wuraren da suke nema, musamman da yake manhajar Common App tana ba mutum damar aika takarda har wuri 20. Jami'ar Northeastern da ke Boston ta karɓi kusan 18 cikin ɗari na masu nema a 2021, a shekarar da ta biyo baya kuma adadin ya faɗo ƙasa da 7. Wanda ya yi shiri da tsohon lissafi a wannan shekara ya sha mamaki irin naki.

Akwai wani dalilin da na fi jin tsoro, kuma shi nake so ki bincika kafin komai, domin idan shi ne, to yana iya kasancewa yana kwance a sauran wurare shidan ma. Kin ce shekara uku ke nan da zuwanki, wato kin shiga sakandaren Amurka ne a aji na 10. Jami'o'i yawanci suna son ganin sakamakon shekara huɗu, daga aji na 9, naki na aji na 9 kuwa a Kano kika yi shi, shi ne ajin uku na ƙaramar sakandare. Shin an aika da wannan takardar sakamako? Shin makarantarki ta yanzu ta shigar da darussan cikin nata kundin? Sannan ki dubi sunanki. Mu da muke da Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar makaranta, da Moh'd a takardar haihuwa, mun san yadda harafi ɗaya ke raba mutum da takardunsa. Kwamfutar ofishin ɗaukar ɗalibai ba ta san duk mutum ɗaya ba ne, sai ta ajiye wasiƙar shaidar malami a gefe ta bar fayil ɗin a matsayin wanda bai cika ba. Ki buɗe shafin da kowace jami'a ta ba ki, ki bi jerin abubuwan da ta ce ta karɓa ɗaya bayan ɗaya, har da sakamakon tsakiyar shekara da ake aikawa bayan zangon farko. Duk inda kika ga giɓi, ki je wurin malamar ba da shawarar nan a ranar, ki roƙe ta ta aika, ke kuma ki rubuta wa ofishin gajeriyar wasiƙa cewa takardar tana hanya. Ki kuma roƙe ta ta buga waya ofishin jami'ar da ta ƙi ki ta tambayi ko fayil ɗinki ya cika. Sukan fi sakin baki da malami a kan ɗalibi.

Ƙawayenki za su gaya miki, idan ba su riga sun faɗa ba, cewa an ƙi ki ne saboda kin fi ƙarfin makarantar. Maganar tana da tushe. Jami'o'i suna lura da yawan waɗanda suka ba gurbi suka kuma zo, kuma ana zargin wasu da ture ɗalibin da suka hango ba zai zo ba, ko da yake ba su yarda suna yin hakan ba. Wasu kuma sun bayyana a fili, a cikin bayanan da suke wallafawa duk shekara da ake kira Common Data Set, cewa suna la'akari da irin sha'awar da mai nema ya nuna: ko ya ziyarci makarantar, ko yana buɗe saƙonninsu, ko rubutun da ya yi game da su ya nuna ya san su. Idan rubutun da kika aika musu kwafin na wata jami'a ne da kika canza wa suna da tsakar dare, mai karantawa ya ga irinsa ɗaruruwa, kuma zai gane. Duk da haka ba na so ki jingina da wannan bayani, don yana da daɗin ji fiye da kima, kuma babu yadda za ki tabbatar da shi. Jami'ar gwamnati mai karɓar dubban ɗalibai ba kasafai take da lokacin irin wannan lissafi ba. Batun sashen jinya da na jiha sun fi kusa da gaskiya.

Amsar babbar tambayarki ke nan: wannan hukunci bai faɗi komai ba game da abin da sauran shidan za su ce. Kowace jami'a da nata kwamitin, da nata buƙatun, kuma ba sa nuna wa juna sunayen waɗanda suka ƙi. Ba sabon abu ba ne ɗalibi ya sami gurbi a wuri mai wuya bayan wuri mai sauƙi ya mayar da shi. Amma ba zan rufe ki ba: tunda duk bakwai ɗin jinya kika nema, to ƙuncin da na bayyana ya shafe su duka, kuma huɗun da kika ɗauka daidai da ke suna iya zama sun fi yadda kika zata wuya. Yawancin amsoshi suna fitowa ne daga tsakiyar Maris zuwa 1 ga Afrilu. Ina yi miki fatan alheri a cikinsu, sai dai bai kamata ki zauna hannu rabbana har lokacin ba.

Game da ƙorafi, wasu jami'o'in suna da hanyar ɗaukaka ƙara, wasu kuma sun rubuta ƙarara cewa hukuncinsu ya yanke. Inda ake karɓa, ana sauraron wanda ya zo da sabon abu ne, kamar takardar da ta ɓace ko kuskure a cikin sakamako, kuma ko a hakan ba kasafai ake juya hukunci ba. Idan bincikenki ya nuna an yanke miki hukunci a kan fayil maras cika, ki rubuta cikin ladabi, shafi ɗaya, ki haɗa da hujja. Idan komai ya cika, ki bar maganar. Wasiƙar da za ta ce makinki ya fi na wasu da aka ɗauka ba ta gaya musu abin da ba su sani ba.

Yanzu sai shawarar malamarki da kika ƙi, wadda a ganina ita ce ainihin kuskuren da kika yi a wannan tafiya, kuma an yi sa'a yana gyaruwa. Makarantar ko-ta-kwana ta gaskiya sai ta cika sharuɗɗa uku: shigarta tabbas ce a fannin da ake so ko a hanyar da ke kaiwa gare shi, gidanku za su iya biyan kuɗinta ba tare da bashin da zai karya mahaifinki ba, kuma ke kanki za ki iya zama a cikinta ba tare da jin an wulaƙanta ki ba. Wadda kika zaɓa ba ta cika ko ɗaya ba, domin ko da ta ɗauke ki, kuɗin da ake cajin baƙon jiha yakan ninka na ɗan gida sau biyu ko fiye, ga kuɗin ɗaki da abinci. CUNY kuwa a garinku take. Ranar fifiko ta neman shiga zangon kaka ita ce 1 ga Fabrairu, ta wuce, amma suna ci gaba da karɓar takardu muddin akwai gurbi, kuma da takarda ɗaya ana zaɓar kwalejoji har shida. Kwalejojinsu na shekara biyu suna karɓar duk wanda ya kammala sakandare, kuma biyu daga cikinsu, Bronx Community College da Hostos, a unguwarku suke, dukansu suna koyar da aikin jinya. Kada ki ɗauka babu gasa a can: shiga kwalejin daban, shiga matakin koyon aiki a asibiti daban, kuma na biyun sai da kyakkyawan maki a darussan share fage irin su ilmin sassan jiki da sinadarai. Bambancin shi ne a nan makin da za ki samu da hannunki a shekarar farko ne zai yi magana.

Abin da ya sa nake ganin babu ci-baya a ciki shi ne, wadda ta gama shekara biyu da wadda ta gama huɗu jarrabawar lasisi ɗaya suke zama, wato NCLEX, kuma lasisin ma'aikaciyar jinya iri ɗaya ake ba su. Jihar New York ta kafa doka a 2017 cewa sabuwar ma'aikaciyar jinya ta kammala digiri cikin shekara goma da samun lasisi, kuma kwalejin Lehman, ita ma a Bronx, tana da tsarin da masu lasisi ke ƙarasa digirinsu, yawancinsu suna aiki suna karɓar albashi. Ban ce lallai wannan hanyar za ki bi ba. Cewa na yi ki shimfiɗa ta a ƙarƙashinki, don ki jira amsoshin Maris da kwanciyar hankali. Ki duba har da SUNY, jami'ar gwamnatin jihar New York mai rassa 64 a faɗin jihar, domin wasunsu suna karɓar takardu har bazara. Duk makarantar da kika ƙara, ki shiga takardar FAFSA ta neman tallafin kuɗin karatu ki saka sunanta, in ba haka ba ba za ta iya lissafa miki tallafi ba. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya ya kai dala 7,395 a shekara ga masu ƙaramin ƙarfi, jihar kuma tana da nata mai suna TAP, wanda ba ya bin ɗalibi zuwa wata jiha. Idan kuma abu ya ƙi gaba ɗaya, a farkon watan Mayu, bayan ranar 1 ga wata da ɗalibai ke tabbatar da zaɓinsu, ƙungiyar masu ba da shawarar shiga jami'a ta ƙasa, NACAC, takan fitar da jerin makarantun da har yanzu suke da gurbi.

Sai batun Baba. Ki gaya masa a wannan makon, kada ki jira wata ta karɓe ki. Na fahimci dabararki, kina so ki kawo labari mai ɗaci a naɗe cikin mai daɗi, amma idan mai daɗin ya yi jinkiri za ki wayi gari da ɓoyon wata guda, kuma a lokacin abin da zai fi ɓata masa rai shi ne ɓoyon. Idan kina jin nauyinsa, ki fara da mahaifiyarki, ita ta san lokacin da ya dace, wanda tabbas ba lokacin da ya shigo a gajiye daga tuƙin dare ba ne. Ki je masa da abu biyu a hannu: labarin, da kuma shaidar cewa kin riga kin cike takardar CUNY. Uba yakan fi jure labari maras daɗi idan ya ga 'yarsa ta riga ta ɗauki mataki.

Ki kuma yi masa bayani da abin da ya sani. Shi ya taso ne a tsarin JAMB, inda ake da maki 400 da layin da aka ja, wanda ya haye ya haye, don haka kunnensa zai ji kalmar an ƙi ki kamar an ce kin faɗi jarrabawa. Ki tuna masa cewa ko a Najeriya yaro yakan ci maki mai kyau ya rasa gurbin likitanci ko jinya saboda kujerun sun cika, kuma jami'o'i da yawa ba sa ko kallon wanda ya saka su a zaɓi na biyu, sai ya canza ya mayar da su na farko. Babu mahaifin da ya yi zama a Kano da bai san wani gida da hakan ta faru ba. Maganar da ya yi a masallaci kuwa har yanzu tana nan daram, cewa ya yi za ki shiga jami'a bana, bai ambaci wacce ba. Kuma ina kyautata zaton mutumin da ke yini a bayan sitiyari a titunan New York ya sha ganin ƙofar da aka rufe masa a ƙasar nan fiye da yadda ya taɓa gaya muku. Mai yiwuwa ya fi ki sanin yadda ake kwana da irin wannan labari.

Rashin barcin ma kada ki raina shi. Ki ƙayyade wa kanki sau ɗaya a yini na duba shafukan jami'o'in, da rana, domin babu ofishin da zai sake hukunci da ƙarfe biyun dare, kuma ki ɗan janye daga kallon bidiyon 'yan ajinku da ke buɗe wasiƙun karɓa suna ihu, tunda babu mai ɗaukar hoton ranar da aka ƙi shi. Ki riƙe karatunki na wannan zango da kyau, saboda duk jami'ar da ta ɗauke ki za ta nemi sakamakon ƙarshe, wadda ta saka ki a jerin masu jiran tsammani kuma shi za ta duba. Ki yi addu'a, ki yi istihara idan zaɓi ya zo, amma kada ki kira takardar da ba a aika ba da sunan ƙaddara tun ba ki bincika ba. Idan bayan kin gaya wa iyayenki barci da cin abinci ba su dawo ba har mako biyu, ko kika fara jin rayuwar ma ta fita daga ranki, ki gaya wa malamar makaranta ko likita a ranar. Lambar wayar 988 kuma, ta taimakon masu matsananciyar damuwa, ana amsa ta dare da rana a ko'ina cikin Amurka.

Ranar Litinin ki fara da ofishin malamar nan. Ki ba ta haƙuri kan shawararta da kika ƙi, ki tafi da fasfo ɗinki da takardar sakamakonki ta Kano don ku gwada rubutun sunan harafi da harafi, ku kuma cike takardar CUNY kafin ki bar wurin. Idan amsoshin shidan sun fito, ki sake rubuto mini tare da adadin tallafin da kowace ta ba ki, mu duba su tare.